Madubin likita na ɗalibai: wata bakwai ina leƙa cikin gara da shi

A ƙarshen daminar bara na sayi madubin likita na kaina, wanda 'yan makaranta ke kira maikuroskof, a wani shagon kayan ɗakin gwaji da ke Sabon Gari a Kano. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma a duk tsawon wannan lokaci yarana ba su san ƙwayar halitta ba sai wadda na zana musu a allo da alli. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na haɗa kuɗin adashe da ɗan abin da na ajiye, suka tasam ma albashina na wata biyu, na ɗauko shi. Mutane da yawa daga cikin abokan aikina sun tambaye ni ko ya ci kuɗinsa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani dalla-dalla, musamman ga wanda ke son duba abu mai rai, mai motsi.

Irin mai ido biyu ne, jikinsa ƙarfe, nauyinsa ya isa a ce ba ya rawa idan yaro ya jingina da tebur. A ƙasa akwai idanu huɗu a kan wani faifai mai juyawa, na 4, na 10, na 40 da na 100. A sama, inda mutum ke ɗora idonsa, an ba ni na 10 guda biyu da na 20 guda biyu. Fitilarsa irin ta zamani ce da ba ta zafi, kuma tana da batir da ake caji. Wannan batir shi ne abu na farko da zan yaba, domin a unguwarmu wuta sai a hankali. Idan na caja shi da daddare yana kai ni darasi uku ba tare da hasken ya dusashe ba. Rashin zafin fitilar ma ya yi mini rana daga baya, domin fitila mai zafi tana busar da ɗigon ruwa ta kashe abin da ke ciki kafin ka gama daidaita ido.

A jikin kwalin an rubuta cewa yana ƙara girma sau 2000. Kada wannan ya ruɗe ka. Lissafin dai gaskiya ne, 20 sau 100, amma hoton da ke fitowa ƙato ne mai hazo, babu wani sabon abu a cikinsa. Tun 1873 Ernst Abbe, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa madubin da ke aiki da hasken da ido ke gani ba zai iya raba abubuwa biyu da suka fi kusanci da kimanin kashi ɗaya cikin 5000 na milimita ba, komai tsadarsa. Daga sau 1000 zuwa sama kumbura hoto kawai ake yi. Idanun nan na 20 tun makon farko na mayar da su leda. Duk aikin da zan ba da labarinsa a sau 100 da sau 400 na yi shi.

Gwajin farko albasa ce, kamar kowa, sai ruwan kududdufi. Duk sun fito tas. Amma abin da na ƙwallafa rai a kansa tun ina jami'a shi ne cikin gara. Mun karanta cewa a hanjin gara akwai wasu halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tal, masu iyo da gashi kamar bulala, kuma su ne ke narkar mata da itace. Ba a taɓa nuna mana su ba. Saboda haka ranar wata Asabar na ɗauki fartanya na nufi wani suri da ke bayan makaranta, na ɓantaro gefe, na kwaso gara cike da gwangwanin madara. Na kama ɗaya da matsefata, na cire kan, na ja ƙarshen jikin, hanjin ya biyo kamar zare mai ruwan ƙasa. Na fasa shi a ɗigon ruwa, na rufe da siririn gilashi, na leƙa. Ɓarɓashi ne kawai, da 'yan ɗige-ɗige masu karkarwa waɗanda bakteriya ne. Na yi ta biyu, ta uku, har ta goma sha biyar. Babu ko ɗaya mai iyo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira mai shagon na ce masa, “Alhaji, kayan nan da ka ba ni akwai matsala, ba ya nuna ƙananan abubuwa.” Ya ce, “Malam, ka ga albasa da shi?” Na ce na gani. Ya ce, “To in ka ga albasa madubi lafiyarsa ƙalau. Amma ka kawo in duba, in da matsala in canja maka.” Ban kai ba, domin a daren na koma littafi na gane laifin ba na madubi ba ne. Na sake kiransa washegari na ba shi haƙuri. Ina faɗar wannan ne don mutumin ya yi mini adalci, kuma irin wannan mu'amala tana cikin abin da mutum ke saya.

Ga abin da ya faru. Gara a duniya ta kai nau'i kusan 3000, kuma ba duka ke ɗauke da waɗannan halittu ba. Babban gida guda, wanda masana ke kira Termitidae, shi ya kwashe kimanin kashi uku cikin huɗu na nau'o'in, kuma kakanninsa sun rabu da masu bulalar nan fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Garar da ke gina manyan surai a ƙasarmu, wadda shingenta ke fitowa da ruwan farko yara su bi fitila da kwano, tana cikin wannan gida. Sunanta Macrotermes. Ita noma take yi: a cikin surin tana shuka wani naman kaza mai suna Termitomyces a kan taunannen ciyayi, shi ke fara narkar mata da abinci. Wanda duk ya je suri neman masu bulala zai dawo hannu rabbana, ko da madubin miliyan goma ne a gabansa. Wadda ake nema ita ce garar da ke zaune cikin itacen kansa.

Wani kafinta da ke yi mana gyaran bencina shi ya fitar da ni. Da na kwatanta masa, sai ya ce, “Malam, ai wannan mai zubar da gari ce kamar gero, ba ta hawa da ƙasa.” Bayan kwana huɗu ya aiko mini da guntun ƙafar wani tsohon kabad da aka kawo daga kudu. A waje lafiya lau, sai 'yan ramuka kamar na allura. Da na girgiza shi sai wasu ƙananan ƙwayoyi suka zubo. Na sa su a ƙarƙashin idon 4, na haska su daga sama da fitilar waya. Kowace ƙwaya doguwa ce kaɗan, mai gefe shida, da kwari-kwari a tsakani kamar an matsa ta da yatsu. Kashin garar busasshen katako ke nan, hanjinta ne ke matse duk wani ruwa daga ciki kafin ta fitar. Da na tsaga katakon da kurfi na tarar da su farare, masu laushi, da soja ɗaya mai baƙin kai gajere kamar toshiyar kwalba, wanda da shi yake toshe rami. Wannan kai shi ne alamar dangin Cryptotermes, kuma a Afirka ta Yamma wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Cryptotermes havilandi.

Wannan karon na shirya. Ruwan famfo yana fasa su, saboda haka na sayi ledar ruwan gishiri ta asibiti, mai kashi 0.9 cikin ɗari, na haɗa awo biyu nata da awo ɗaya na tafasasshen ruwa, ya sauko 0.6. Iska ma tana kashe su, domin a cikin hanji suke inda kusan babu iskar shaƙa. Sai na shafa basilin siriri a gefuna huɗu na gilashin rufi kafin in kifa shi, ya zama kamar an rufe ɗaki. Na fasa hanjin, na kifa, na sa idon 10.

Subhanallahi. Gani ya kori ji. Da'irar hasken nan gaba ɗaya motsi take yi. Daga inda hanjin ya fashe suna ta kwararowa, ɗaruruwa, suna gogayya, suna birgima, kamar masallacin Juma'a da aka sallame aka buɗe ƙofa ɗaya. Na kira uwargida ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ita ce ta fara lura cewa cikin wasunsu cike yake da 'yan sanduna masu ƙyalli. Guntayen katako ne da suka haɗiye. A cikin jikinsu suke narkar da shi, su fitar da wani sinadari irin tsamin da ke cikin binega, garar ta tsotse shi ta bangon hanji, shi ne makamashinta. A wasu nau'o'in gara nauyin waɗannan baƙi yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwaron gaba ɗaya.

A nan ne na gane darajar wani ɗan hannu da ke ƙarƙashin faifan ɗora gilashi, wanda ke buɗe ƙofar haske ko ya tsuke ta. Takardar bayanin da ta zo da madubin ba ta ce komai a kansa ba, kuma wannan babban gibi ne, domin shi ne rabin aikin. Halittun nan garai-garai suke kamar ruwa. Idan ka buɗe haske duka sai su ɓace. Idan ka tsuke shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku sai gefunansu su fito, bulalun su bayyana. A idon 40 na zauna da ɗaya da ta gaji ta rage gudu. Siffarta kamar ƙwallon dabino, tana da bulala uku sirara a gaba da ta huɗu mai kauri, faffaɗa kamar kirtani, tana jan ta a baya. Wata sanda ta ratsa tsakiyar jikin ta ɗan leƙo ta ƙarshe. Wannan ita ce siffar dangin Devescovina, kamar yadda Harold Kirby na jami'ar Kalifoniya ya zana su a shekarun 1940. A gefenta akwai wata ƙatuwa, zagayayya, gabanta duk gashi kamar kan masara, tana juyawa a hankali. Irin su Calonympha da Stephanonympha ne, masu cibiyoyi da yawa a cikin ƙwayar halitta ɗaya. Cibiya a nan ita ce ɗan ƙullin da ke ajiye ƙwayoyin gado.

Da basilin ɗin nan sukan yi mini kusan minti arba'in da rai. Ba tare da shi ba, minti goma ma da ƙyar.

Ranar da na kai madubin aji uku, na sa kowa ya leƙa ya zana abin da ya gani, sannan na raba musu hotunan wasu da ba mu da su a katakonmu: Trichonympha mai dubban bulalu kamar ta yafa gashi, Spirotrichonympha mai layukan bulala da suka naɗe jikinta kamar igiya, Joenia, da Deltotrichonympha ta Ostareliya. Na ce su raba su gida-gida, wa ke ɗan'uwan wa. Duk ajin abu ɗaya suka yi. Masu gashi da yawa gefe guda, masu bulala huɗu gefe guda. Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ce, “Malam, ai wannan ba ya buƙatar tunani, ga kama nan a fili.” Na ce mata manyan masana ma haka suka raba su na tsawon kusan shekara ɗari, kuma ba su yi daidai ba.

Wannan shi ne abin da nake so mai sayen madubi ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Madubi yana nuna kama, amma kama da wane ba ta wane. Tarihin binciken nan kansa shaida ne. Wani Bafaranshe mai suna Lespès ya fara ambaton halittun a 1856. A 1877 Joseph Leidy na Filadelfiya a Amurka ya raɗa wa Trichonympha suna, tare da Pyrsonympha da Dinenympha, kuma ya ɗauke su a matsayin masu cutar da gara. Sai a shekarun 1920 L. R. Cleveland, wani masani ɗan Amurka, ya nuna akasin haka. Ya ajiye gara a zafin digiri 36 na kwana ɗaya, ko a iskar shaƙa mai matsi, baƙin cikinta suka mutu ita ta rayu. Ta ci gaba da cin katako, amma cikin 'yan makonni yunwa ta kashe ta da cikinta cike. Wadda aka mayar mata da baƙin ta rayu. Duk waɗannan mutane da madubin haske suka yi aiki, kuma sun ga abin da ni ban isa in gani ba. Kirby ma da ido ya gane cewa Calonympha tamkar Devescovina ce da aka maimaita sau da yawa a jiki ɗaya, kowace cibiya da nata bulalun. Amma duk da haka masu dubban bulala da cibiya ɗaya an tara su a gida guda, aka ɗauka zuriya ɗaya ce da ta taso daga kaka ɗaya.

Abin da ya warware wannan shi ne karanta ƙwayoyin gado, wato DNA, daga shekarun 1990. Aikin yana da wuya domin yawancin halittun nan ba sa yarda a yi kiwonsu a kwalba. Sai dai mai bincike ya ja bututun gilashi ya yi siriri kamar gashi, ya tsotso ƙwaya ɗaya ko 'yan kaɗan daga cikin cunkoson, ya wanke, sannan ya karanta wani yanki na gado da kowane mai rai ke da shi, a kwatanta na wannan da na wancan. Ɗakunan bincike irin na Moriya Ohkuma a Japan, da na Andreas Brune a Marburg ta Jamus, da na Patrick Keeling a Kanada sun yi fice a wannan. Sakamakon ya rusa tsohon gidan. Joenia da Deltotrichonympha, duk da gashinsu, sun faɗo cikin dangin Devescovina mai bulala huɗu. Ka duba sunan Deltotrichonympha ma, an ba ta shi ne saboda kamarta da Trichonympha, alhali nasabarsu da nisa. Trichonympha reshenta daban, Spirotrichonympha nata daban. Ma'ana, yawan bulala ya ɓullo sau da dama a rassa mabambanta, domin duk wanda zai yi girma ya yi iyo a cikin kaurin kunun katako yana buƙatar mafiɗai da yawa. A 2010 Čepička da Hampl da Kulda, masana daga Jamhuriyar Cek, suka sake tsara babban dangin, wanda ake kira Parabasalia, zuwa azuzuwa shida bisa wannan hujja.

Abin da ya fi girgiza ɗalibaina shi ne jin su waye sauran 'yan wannan dangi. Trichomonas vaginalis, wadda ke haddasa wani ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, 'yar gidan ce. Haka Tritrichomonas foetus mai sa shanu ɓari, da Histomonas mai kashe talotalo. 'Yan uwa ne na jini da waɗannan da ke ciyar da gara. Su kuwa Pyrsonympha da Dinenympha da Leidy ya gani suna iyo kafaɗa da kafaɗa da Trichonympha a hanji ɗaya, wani dangi ne can daban mai suna Oxymonadida. A cikin wannan dangin ne ake samun Monocercomonoides, wadda aka ciro daga hanjin wata dabba mai kama da ɓera, a 2016 aka tabbatar ba ta da ko burbushin mitokondiriya, wato ɗan injin nan na makamashi da muke koya wa yara cewa duk ƙwayar halitta mai cibiya tana da shi. Na koyar da wannan jumla shekara da shekaru. Yanzu nakan ƙara mata “in ban da”.

Akwai kuma labarin Mixotricha paradoxa, wanda ke nuna iyakar madubi irin nawa fiye da komai. Jean Sutherland ta bayyana ta a 1933 daga cikin garar Mastotermes darwiniensis ta arewacin Ostareliya. Tsawonta ya kai rabin milimita, ido ma yana iya tsinkayarta. Sutherland ta ga bulala huɗu a gaba da gajeren gashi lulluɓe da jiki, abin da bai kamata su haɗu a halitta ɗaya ba, shi ya sa ta ba ta sunan da ke nufin mai gaurayen gashi mai ɗaure kai. Sai a 1964 Cleveland da Grimstone suka duba ta da madubin lantarki, wanda ke aiki da elektiron maimakon haske, suka ga gashin nan ba nata ba ne. Bakteriya ne dogaye masu murɗewa, dubbai, sun maƙale a jikinta suna kaɗawa tare, su ke tura ta gaba. Ni ma a katakona na ga wasu da jikinsu ke da zane-zane kamar an shata da alƙalami, kuma a dangin Devescovina irin wannan zane bakteriya ne da suka kwanta a jere. A sau 400 zane kawai nake gani.

Yarinyar nan ta sake tambaya, kuma tambayar ta yi kyau: ta yaya suka shiga cikin garar tun farko? Ba a ƙwai suke zuwa ba. Jaririyar gara takan sha wani ruwa daga bayan babba, a nan take samunsu. Duk lokacin da ta yi saɓa takan rasa su, sai ta koma wurin 'yan gida ta sake sha. Garar da ta kaɗaita ba za ta rayu ba. Saboda wannan gado daga babba zuwa ƙarami, sau da yawa idan aka zana bishiyar nasabar gara aka ɗora ta kan ta baƙin cikinta sai rassan su yi daidai. An nuna haka a 2007 a kan Pseudotrichonympha da garar da ke ɗauke da ita, har ma da bakteriyar da ke zaune cikin ita Pseudotrichonympha ɗin, wadda ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, abin da katako ke da ƙarancinsa. Gida uku ke nan, ɗaya cikin ɗaya, suna tafiya tare. Kuma irin waɗannan halittu ana samunsu a wani kyankyaso mai cin ruɓaɓɓen itace, Cryptocercus, da ke dazuzzukan Amurka da gabashin Asiya. Cleveland ya yi babban rubutu a kansa a 1934. Binciken gado ya tabbatar shi ne mafi kusancin ɗan'uwan gara, har a 2007 Inward da Beccaloni da Eggleton na gidan tarihin halittu da ke Landan suka ce gara kyankyaso ce mai zaman jama'a. Wannan ya nuna baƙin sun shiga tun kakan da ya haɗa su, fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Abin da ke iyo a gilashina daga ƙafar kabad, silsilarsa ba ta taɓa yankewa ba tun wancan zamani.

In koma kan kayan. Aibinsa na farko shi ne idon 100. Sai da mai na musamman yake aiki, kwalbar da aka ba ni ba ta kai cokali ɗaya ba, kuma ga abu mai rai ba shi da amfani: da ka matso sai ya danne gilashin, komai ya watse. Na biyu, abin riƙe waya da aka haɗo da shi roba ce marar ƙwari, ta tsage a mako na uku. Yanzu da hannu nake ɗaukar bidiyo, ina jingina gwiwar hannu da littattafai. Na uku, makullin daidaita ido na ƙanana yana ɗan sakewa, idan ka bar shi minti biyar a idon 40 hoton yakan zame sai ka sake taɓawa. Akwai zobe a gindin babban makullin da ake ɗaurewa, ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba. Gefen da'irar kuma ba ya fita tas kamar tsakiya, dole abin da kake so ka jawo shi tsakiya.

Sai ƙura. Da hunturu ya shigo na ga wasu ɗige-ɗige da ke bin ido duk inda na juya. Ledar rufin da ta zo da shi gajeriya ce, ba ta kai ƙasa. Uwargida ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa mai zariya a ƙasa, kuma na sayi ɗan famfon roba na hura iska. Kada ka goge gilashin ido da gefen riga ko tishu, yashi ne a cikin ƙurarmu, zai karce shi.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne tsarin da Frits Zernike ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙiro, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1953, mai sa abu garai-garai ya fito baƙi a kan haske ba tare da rini ba. Don irin waɗannan halittu aka yi shi. Madubin da ke da shi ya ninka nawa kuɗi sau da yawa. Na samu wata dabara da ta rage mini zafi: na yanko ɗan baƙin kwali zagayayye kamar kwabo, na manna a tsakiyar farar leda mai ƙarfi, na sa a mazaunin tace haske da ke ƙasa. A idon 10 sai bayan ya koma baƙi ƙirin, halittun su yi ta ƙyalli kamar taurari, bulalun Devescovina su fito ɗaya bayan ɗaya. A idon 40 dabarar ba ta ci.

Ga malamin sakandare, ko ɗalibin jami'a, ko uban da ɗansa ke son kimiyya, ina ba da shawarar a saya, da sharaɗin a duba abu uku a shago kafin a biya: ya kasance da ƙofar haske mai tsukewa, da batir, da faifan da ake matsar da gilashi da makulli ba da yatsa ba, domin abu mai iyo ba ya jira. A tafi da albasa a aljihu a gwada a gaban mai shago. Ga mai digiri na biyu da ke son gano nasabar waɗannan halittu kuwa, wannan madubi zai taimaka masa ya san katakon da ya dace da kuma siffar abin da ke ciki. Daga nan sai ɗakin binciken gado, kuma garar ƙasashenmu, irin su Psammotermes ta yashin Sahel da Coptotermes mai cin gindin bishiya, duk suna ɗauke da nasu baƙin.

Ragowar ƙafar kabad ɗin tana cikin bokitin roba mai murfi a ofishina, nesa da bencina da littattafai, domin wannan gara in ta samu hanya ba ta barin katako. Duk ranar Litinin nakan duba ƙasan bokitin. Idan na ga sabon gari mai gefe shida na san suna nan da rai, sai in tsaga kaɗan in ciro uku don darasin ranar Laraba.